Rabe-raben ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa: wane ne ya kafa su, wane iko suke da shi

A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, shekara guda bayan sun ba da sanarwar hakan. Sai dai ƙasashen uku sun ci gaba da zama a ƙungiyar UEMOA mai kula da kuɗin sefa, kuma kujerunsu na Majalisar Ɗinkin Duniya suna nan ba abin da ya taɓa su. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa ƙungiyoyin da ake jin sunayensu kullum a rediyo ba jinsi ɗaya ba ne. Kalma ɗaya muke kiransu da ita, wato ƙungiya, ko da kuwa ana maganar Majalisar Ɗinkin Duniya ce, ko FIFA, ko Amnesty International. Amma tsakaninsu akwai tazara mai yawa ta fuskar asali da doka da ƙarfin iko.

Masana dokar ƙasa da ƙasa sukan fara da tambayar wane ne ya kafa ƙungiyar. Idan gwamnatoci ne suka kafa ta bisa yarjejeniyar da suka rattaba wa hannu, ƙungiyar gwamnatoci ce. Idan ɗaiɗaikun mutane ne suka yi mata rajista a ƙarƙashin dokar wata ƙasa, ƙungiya ce mai zaman kanta, kome yawan rassanta a duniya. Daga nan sai a duba faɗin ƙasar da ta shafa, da irin aikinta, da kuma ko maganarta umarni ce ko shawara.

Ƙungiyoyin gwamnatoci da asalinsu

Ba siyasa ce ta haifi ƙungiyoyin farko ba, larurar yau da kullum ce. Hukumar da ke kula da zirga-zirgar jiragen ruwa a Kogin Rhine na Turai ta samo asali ne daga taron Vienna na 1815, kuma tana aiki har yanzu a birnin Strasbourg. A 1865 aka kafa ƙungiyar wayar tangarahu a Paris, wadda ita ce ta zama hukumar sadarwa ta ITU. A 1874 kuma aka kafa ƙungiyar gidajen waya a birnin Bern, domin wasiƙar da aka manna wa kan sarki a wata ƙasa ta isa wata ba tare da an sake biyan kuɗi a kowace iyaka ba. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ne aka gwada kafa ƙungiyar da za ta hana yaƙi, wato League of Nations, a 1920. Amurka ba ta shiga ba, ƙungiyar ta kasa hana Italiya mamaye Habasha a 1935, aka rushe ta a 1946.

Abubuwa uku ne ke bambanta irin wannan ƙungiya da taron gwamnatoci na lokaci ɗaya: yarjejeniyar kafuwa, da sakatariya ta dindindin, da matsayi na kanta a idon doka. Na ukun nan shi ne ya fi wuyar fahimta. A watan Satumban 1948 aka kashe mai shiga tsakani na Majalisar Ɗinkin Duniya, Folke Bernadotte, a birnin Ƙudus. Aka tambayi Kotun Duniya ko Majalisar na da hurumin neman diyyar jami'inta, ganin cewa ita ba ƙasa ba ce. A 1949 kotun ta amsa da cewa tana da shi. Albarkacin wannan matsayi ne ƙungiya take ƙulla yarjejeniya da sunanta, ta mallaki kadara, jami'anta su samu kariyar diflomasiyya.

Majalisar Ɗinkin Duniya da 'ya'yanta

Majalisar ta fara aiki ranar 24 ga Oktoban 1945 da ƙasashe 51, yau kuma tana da 193, Sudan ta Kudu ce ta ƙarshen shiga a 2011. Nijar ta shiga a Satumban 1960, Najeriya kuma ranar 7 ga Oktoban shekarar, ta zama mamba ta 99. A Babban Zauren Majalisar kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya gare ta, da Indiya mai mutum fiye da biliyan ɗaya da ƙaramin tsibirin Tuvalu duk ɗaya ne. To amma mafi yawan ƙudurorin zauren shawara ce kawai. Inda ƙarfin yake shi ne Kwamitin Sulhu mai kujeru 15, wanda zai iya ƙaƙaba takunkumi ko ya ba da izinin amfani da soja. Ƙasashe biyar, Amurka da Birtaniya da Faransa da Rasha da China, suna da kujerun dindindin, kuma idan ɗayarsu ta hau kujerar naƙi ƙuduri ya mutu. Afirka mai ƙasashe 54 a Majalisar ba ta da kujerar dindindin ko ɗaya, alhali rikice-rikicen nahiyar na daga cikin abin da ya fi cin lokacin kwamitin.

Ana yawan ɗaukar duk wata hukuma mai farar mota da shuɗin tambari a matsayin reshen Majalisar. Gaskiyar ita ce sun kasu biyu. Akwai hukumomin da ke da tasu yarjejeniyar da nasu mambobin da nasu kasafin kuɗin, dangantakarsu da Majalisar ta ƙawance ce. Cikinsu akwai Hukumar Lafiya ta Duniya da aka kafa a 1948, da hukumar abinci da noma ta FAO da ke Rum, da UNESCO da ke Paris. Shi ya sa ƙasa take iya fita daga ɗayarsu ta ci gaba da zama a Majalisar, kamar yadda Amurka ta fita daga UNESCO a 1984. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma ta girmi Majalisar, domin a 1919 aka kafa ta, kuma tsarinta daban ne: kowace ƙasa na tura wakilan gwamnati da na ma'aikata da na masu ɗaukar ma'aikata, kowa da ƙuri'arsa.

Kashi na biyu su ne asusu da shirye-shiryen da Majalisar ta ƙirƙira da kanta, irin su UNICEF da hukumar 'yan gudun hijira ta UNHCR da shirin abinci na WFP. Waɗannan kusan dukkan kuɗinsu gudummawar ganin dama ce. Wannan bambanci na takarda yana da tasiri har a sansanonin 'yan gudun hijira na Borno da Diffa, domin ranar da manyan masu bayarwa suka tsuke bakin aljihu, ranar ce ake rage buhunan abinci.

Kotuna biyu da ke birnin Hague su ma ana yawan cakuɗa su. Kotun Duniya ɓangare ce ta Majalisar, kuma ƙasashe kaɗai take yi wa shari'a. Ita ce a ranar 10 ga Oktoban 2002 ta yanke cewa yankin Bakassi na Kamaru ne, hukuncin da Najeriya ta kammala aiwatarwa a Agustan 2008. Ita kuwa Kotun Hukunta Manyan Laifuka, wadda ta fara aiki a 2002 bisa yarjejeniyar Rum ta 1998, mutane take tuhuma, kuma ba ta ƙarƙashin Majalisar. Amurka da Rasha da China ba mambobinta ba ne. Ba ta da 'yan sanda, shi ya sa sammacin da ta fitar a 2009 kan Omar al-Bashir na Sudan bai hana shi tafiye-tafiye shekara da shekaru ba.

Inda ƙuri'a ke bin nauyin aljihu

Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, da Bankin Duniya an haife su a taron Bretton Woods na 1944, kuma su ba sa bin tsarin ƙasa ɗaya ƙuri'a ɗaya. Ƙarfin ƙuri'ar ƙasa gwargwadon jarinta ne. Amurka na riƙe da sama da kashi 16 cikin ɗari na ƙuri'un IMF, manyan shawarwari kuwa sai da kashi 85, ke nan ita kaɗai tana iya tare hanya ba tare da an rubuta mata kujerar naƙi a ko'ina ba. Akwai kuma al'adar da ba a rubuce take ba, cewa ɗan Amurka ne ke shugabantar Bankin Duniya, Bature daga Turai kuma ya riƙe IMF. Wanda ya rayu a Najeriya a zamanin shirin SAP da aka fara a 1986 ba ya buƙatar a gaya masa yadda shawarar waɗannan hukumomi ke isa har kasuwar ƙauye.

Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO, wadda Ngozi Okonjo-Iweala ke shugabanta tun Maris ɗin 2021, ta kama wata hanya: sai kowa ya yarda ake yanke shawara. A fuska wannan adalci ne, a aikace kuwa shi ya sa tattaunawa ke ɗaukar shekaru ba ta kai ko'ina ba. Sashenta na ɗaukaka ƙara ya daina aiki tun Disambar 2019, saboda Amurka ta ƙi amincewa a naɗa sababbin alƙalai.

Ƙungiyoyin yanki

A nan ne talaka ya fi jin ƙungiya a jikinsa. Tarayyar Afirka mai mambobi 55 ta gaji Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OAU, da ƙasashe 32 suka kafa a Addis Ababa ranar 25 ga Mayun 1963. Tsohuwar ƙungiyar ta ginu ne a kan aƙidar kada kowa ya tsoma baki a harkokin cikin gidan wani, har aka riƙa yi mata laƙabi da majalisar masu mulkin kama-karya. Wadda aka ƙaddamar a Durban a 2002 ta ba kanta damar shiga tsakani idan ana kisan ƙare dangi ko laifukan yaƙi, tana kuma dakatar da ƙasar da soja suka kifar da gwamnatinta. Rauninta na kuɗi ne. Kaso mai tsoka na kuɗin ayyukanta daga wajen nahiyar yake zuwa, hatta ginin hedikwatarta da aka buɗe a 2012 China ce ta gina shi kyauta.

ECOWAS, ko CEDEAO a bakin mutanen Nijar, an kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, Janar Yakubu Gowon da Gnassingbé Eyadéma na Togo ne suka yi ta fafutukar ganin ta tabbata. Manufarta ta farko kasuwanci ce. Yarjejeniyar 1979 ce ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasar ƙungiyar ya zauna har kwana 90 ba biza, abin da fataken Kano da Maraɗi da Kumasi suka fi kowa amfana da shi. Yaƙin Laberiya ne ya ja ta cikin harkar tsaro, ta tura dakarun ECOMOG a 1990. Tana da kotu a Abuja wadda mutum ɗaya zai iya kai ƙarar gwamnatinsa gabanta kan tauye haƙƙi, kuma kotun ce a 2008 ta samu gwamnatin Nijar da laifin gaza kare Hadijatou Mani daga bauta. Kuɗin tafiyar da ita na fitowa ne daga harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kayan da ake shigowa da su daga wajen yankin.

Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya fito da ƙarfin ƙungiyar da iyakarta a lokaci guda. Ta rufe iyakoki, Najeriya ta katse wutar lantarki, aka yi barazanar amfani da soja. Kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari suka durƙushe tare da na tsallaken iyaka, sarakuna da malamai da sanatocin Arewa suka nuna ba su yarda da yaƙi ba. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin ba tare da an maido da Mohamed Bazoum ba. Kafin nan, a Satumban 2023, ƙasashen uku sun riga sun kafa tasu ƙungiyar ta AES. Ba su ne suka fara fita ba, Muritaniya ta fice tun 2000, amma ba a taɓa yin ɓaraka mai girman wannan ba.

Akwai kuma ƙananan hukumomin da ruwa ya haɗa. Hukumar Tafkin Chadi, wadda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa a 1964, rabon ruwa da kamun kifi da kiwo ne suka haife ta, amma rikicin Boko Haram ya sa rundunar haɗin gwiwa ta yankin ke aiki a ƙarƙashin inuwarta. Hukumar Kogin Neja da ke Yamai ta haɗa ƙasashe tara.

Tarayyar Turai mai mambobi 27 ita ce ta yi nisan da babu wadda ta yi. Mambobinta sun sallama mata wani ɓangare na ikonsu, ta yadda dokarta ke rinjayar dokar ƙasa a fannonin da aka amince, kuma tun 1979 jama'a ne ke zaɓen 'yan majalisarta kai tsaye. Wannan sallamawar ce ta zama jigon muhawarar da ta kai ga ficewar Birtaniya ranar 31 ga Janairun 2020.

Waɗanda manufa ɗaya ta haɗa

Wasu ƙungiyoyin ba maƙwabtaka ce ta haɗa su ba. NATO ƙawancen soja ne da aka ƙulla a 1949, yanzu da ƙasashe 32, kuma sashe na biyar na yarjejeniyarta, wanda ya ce hari kan ɗaya hari ne kan duka, sau ɗaya tak aka taɓa aiki da shi, bayan harin 11 ga Satumban 2001. OPEC haja ɗaya ce ta haɗa ta. Iran da Iraƙi da Kuwait da Saudiyya da Venezuela suka kafa ta a Bagadaza a 1960, Najeriya ta shiga a 1971, kuma Rilwanu Lukman da Mohammed Sanusi Barkindo duk sun riƙe muƙamin babban sakatarenta. Tana ƙayyade wa kowace mamba gangar da za ta haƙo, amma ba ta da sandar dukan wadda ta wuce iyaka.

Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, OIC, ta samo asali daga taron Rabat na 1969 bayan an cinna wa Masallacin Ƙudus wuta. Mambobinta 57, hedikwatarta na Jidda, kuma tsohon firaministan Nijar Hamid Algabid ya shugabanci sakatariyarta daga 1989 zuwa 1996. Shigar Najeriya a 1986, zamanin Janar Babangida, ta tayar da ƙurar da ta daɗe ba ta lafa ba. Tarihin mulkin mallaka da harshe su ma sun haifi nasu. Ƙungiyar ƙasashen renon Ingila ta dakatar da Najeriya a 1995 bayan rataye Ken Saro-Wiwa, a daidai lokacin da ɗan Najeriya, Emeka Anyaoku, ke babban sakatarenta. Yau har ƙasashen da Ingila ba ta taɓa mulka ba, irin su Ruwanda da Gabon da Togo, suna ciki. Takwararta ta masu magana da Faransanci kuwa a Yamai aka aza harsashinta ranar 20 ga Maris 1970, Diori Hamani na cikin jagororinta, kuma a 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga cikinta.

Masu ƙarfi ba tare da yarjejeniya ba

G7 da G20 da BRICS, a ma'aunin doka, ba ƙungiyoyi ba ne, dandalin tattaunawa ne. Ba su da yarjejeniyar kafuwa, ba su da sakatariya ta dindindin, ƙasar da ke riƙe da shugabancin karɓa-karɓa ce ke shirya taron shekara. Sanarwar bayan taronsu ba ta wajaba a kan kowa. Duk da haka raina su kuskure ne, domin abin da aka daddale a can shi ne sau da yawa ake kai wa IMF da Bankin Duniya su aiwatar. An karɓi Tarayyar Afirka a G20 a Satumban 2023, Najeriya kuma ta zama abokiyar hulɗar BRICS a Janairun 2025, matsayin da bai kai na cikakkiyar mamba ba. Misali mafi ƙarfi shi ne FATF mai sa ido kan halatta kuɗin haram, wadda G7 ta ƙirƙira a 1989. Ba ta da kotu ba ta da soja, amma ƙasar da ta saka a jerin waɗanda ake sa wa ido, kamar yadda ta yi wa Najeriya a Fabrairun 2023, bankunanta kan sha wuya wajen hulɗa da na waje.

Ƙungiyoyi masu zaman kansu

Su ma tsofaffi ne. Ƙungiyar yaƙi da bauta ta Landan tana nan tun 1839. Save the Children ta zo a 1919, Oxfam a 1942, Amnesty International a 1961. Ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa, MSF, an kafa ta a Faransa a 1971, wasu daga cikin waɗanda suka kafa ta likitoci ne da suka yi aiki a yaƙin basasar Najeriya, kuma ita ce ta ja hankalin duniya kan gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Irin waɗannan ba su da kariyar diflomasiyya, dokar ƙasar da suke aiki ce ke hawa kansu, gwamnati na iya rufe ofishinsu duk ranar da ta ga dama. Sashe na 71 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba su damar a tuntuɓe su, amma ba su da ƙuri'a. Makaminsu rahoto ne da ra'ayin jama'a. Tambayar da ake yi musu, kuma tambaya ce mai tushe, ita ce wa suke yi wa bayani: masu ba su kuɗi a ƙasashen waje, ko mutanen da suke yi wa aiki?

FIFA ma a takarda ƙungiya ce mai rajista a ƙarƙashin dokar Suwizalan, mambobinta 211 hukumomin ƙwallo ne, ba gwamnatoci ba. Amma da ta dakatar da Najeriya a Yulin 2014 kan katsalandan a harkar hukumar ƙwallo, cikin 'yan kwanaki aka mayar da shugabannin da aka tsige. Ƙungiyoyin gwamnatoci da yawa ba su taɓa samun biyayya mai saurin wannan ba.

Tsakanin ɓangarorin biyu akwai 'yan ruwa biyu. Kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa, wanda Henry Dunant da abokansa suka kafa a Geneva a 1863, ƙungiya ce ta 'yan Suwizalan, amma yarjejeniyoyin Geneva na 1949 sun ba shi hurumin ziyartar fursunonin yaƙi, kuma sirrin da yake riƙewa ne ya sa ɓangarori masu gaba ke yarda da shi. Shi ya taimaka wajen karɓo wasu daga cikin 'yan matan Chibok a 2016 da 2017. Gavi mai samar da alluran rigakafi, da aka kafa a 2000, da asusun Global Fund na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, da aka kafa a 2002, a hukumomin gudanarwarsu gwamnatoci ne ke zaune tare da gidauniyoyi da kamfanoni da wakilan jama'a. Irin wannan gamayyar, da ta haɗa Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da ƙungiyar Rotary da gwamnatoci da sarakunan gargajiya, ita ce ta kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali a Agustan 2020, shekara huɗu bayan ganin ta na ƙarshe a Jihar Borno.